Jan Layi a Ƙasan Wasiƙa

Shekara goma sha ɗaya ina aika wasiƙu
daga wannan ɗaki mai kallon tashar Valparaíso,
ga masu jirage, ga masu bin mu bashi, ga waɗanda muke bi,
kan igiya da sarƙa da fentin hana tsatsa.
Manhajar imel ba ta taɓa ɗaga mini ƙafa ba:
na ci harafi, ta zabga jan layi
kamar malamar aji uku mai biro a hannu.
Sai dai cikin wasiƙa kaɗai take dubawa.
Can ƙasa, inda sa hannu ke liƙa kansa,
layi huɗu masu launin toka,
ba ta leƙawa. Ni ma ba na leƙawa.
Wa ke tsayawa karanta lambar ƙofar gidansu?

Ran Talata Baltasar, ɗan ƙanwata,
ya tarar da kwamfutar tana nishi,
ya ce ta girmi keken da ke hawa da mutane tudu.
Ya sabunta ta, ya cinye mini burodi, ya tafi.

Laraba da safe na buɗe sabon shafi,
ko harafi ban sa ba,
sai ga ja a ƙasa har wuri uku.

Na fari sunana ne, Herminia Quilodrán.
Ƙamus bai san ni ba,
wai ko kilo nake nufi?
Na yi dariya, na shigar da kaina da kaina.
Na biyu sunan titinmu, shi ma baƙo.
Na buɗe masa ƙofa.

Na uku ya tsayar da ni.
Kalmar ban kwana, wadda kowa ke rufe wasiƙa da ita,
atentamente,
a wurinmu atentamnete ce:
haruffa biyu sun yi musayar kujera,
sun zauna abinsu shekara goma sha ɗaya.

Na san hannun.
Floridor ne, wana, ya buga ta
ranar da muka kawo kwamfutar a kwali,
tabarau a ƙarshen hanci, harshe a waje,
yana farautar haruffa da yatsu biyu.
Na hagun gajere ne, injin naɗe sarƙa ya ci gaɓa ɗaya,
don haka kullum dama ke riga isowa.
Sanyi huɗu ke nan da muka kai shi tudu
inda kaburbura ke kallon teku.

Na duba akwatin waɗanda aka aika:
dubu goma sha huɗu da ɗari biyu da shida.
Callao, Busan, Rotterdam, ofishin haraji,
har lauyan da ya raba mana gado.
Babu wanda ya ce uffan.
Ko kawaici ne, ko ba wanda ke kaiwa ƙasa,
ban sani ba, kuma shayina ya huce.

Na ɗora linzami kan kalmar.
Zaɓi uku ta ba ni: gyara, ƙyale wannan karon,
ko ƙara a ƙamus.
Gyaran daƙiƙa ɗaya ne.
Na taɓa kwashe takalmansa daga bayan ƙofa,
shi ma daƙiƙa ɗaya ne.

A waje wani jirgi ya yi ƙugi,
tsuntsayen teku suka watse daga rufin kwano.
Na danna na ukun.
Jan ya ɗauke kamar ba a yi ba.

Yanzu duk faɗin duniya akwai ƙamus guda
da kuskuren Floridor ya zama daidai.
Na san farashinsa: gobe in yatsana ya zame haka,
ba mai gaya mini.

Na koma sama na fara aikin yau:
Kyaftin Oyarzún, igiyarka mita arba'in ta iso,
amma tsohon bashi yana nan.